Ciyawar Bakin Katanga

Aikina yankan ciyawa ne. Shi na yi a gefen layin dogo tun ina saurayi har gwiwa ta ƙi. Da lauje da adda muka fara, daga baya aka kawo inji mai ƙara. Duk inda ciyawa ta ɗaga kai ni ake turawa. Boko ban yi mai nisa ba. Ina gane lamba, ina sa hannu a takarda. Amma ciyawa na san ta. Ko da tafin ƙafa na taka ta zan faɗi sunanta.

Ban taɓa zaton zan shuka ta ba.

Bara ciwo ya sami matata. Tana shanya a igiya ta yanke jiki ta faɗi. Ɓarin damanta ya shanye, baki ya karkace, magana ta yi nauyi. Aka sallamo ta daga asibiti da sanda mai ƙafa huɗu. Likitar da ke koya mata tafiya ta ce ƙafar za ta iya dawowa, amma sai an yi aiki da ita. Ta riƙa takawa kullum a fili, ba daga gado zuwa banɗaki ba. In ta zauna, ƙafar za ta sandare, kuma shi ke nan.

Fili muna da shi. Gidan haya ne, ɗaki biyu da baranda, da 'yar farfajiya a gaba. Katangar iya ƙirjina ce, daga nan sai sandunan ƙarfe. Da can ba wanda ya damu. Sai aka gyara titi aka ɗaga shi, aka sa wurin tsayawar bas daidai ƙofarmu. Wanda ke zaune a bas yana kallon farfajiyarmu kamar mai leƙa cikin kwano.

Ranar da na fara fito da ita, mun kai tsakiyar fili bas ta tsaya. Wata mata a taga ta dafe baki, ta taɓa ta kusa da ita, suka leƙo tare. Ba mugunta ba ce. Tausayi ne. Matata ta fi iya jure mugunta. Mace ce da ko shara za ta zubar sai ta duba madubi. Ta juya da sandarta, ta ja ƙafa ta koma ɗaki, ta sa na saki labule. Ba ta ƙara fitowa ba.

Na yi faɗa. Abin da na iya ke nan. Na ce ido ba ya cizo, na ce mutanen bas ba su suke ciyar da mu ba. Ta juya fuska bango.

Autarmu tana aure a wani gari. Ta zo ta ga yadda uwarta ta koma, ta kira ni baranda. Ta ce in aka koma asibiti likita ta ce babu ci gaba, za ta tafi da ita. Gidansu akwai dogon lungu da ba mai leƙowa. Ta ce ni ma in biyo su. Na ce ban taɓa kwana ƙarƙashin rufin suruki ba, ba kuma da furfura zan fara ba. Ta ce to, Baba, ka san abin da hakan ke nufi. Na sani. Tsohuwar za ta tafi, ni in zauna da kujeru.

Na je wurin mai gidan hayar. Na ce a ƙara wa katanga bulo. Ya ce a'a. Na ce in dasa itace. Ya ce saiwa za ta fasa masa gini. Na sayo tampol na ɗaure a jikin ƙarfen. Ya zo ya ce gidansa ba garejin kanikawa ba ne. Matata ma ta goya masa baya daga cikin ɗaki. Ta ce tampol shela yake yi cewa akwai abin da ake ɓoyewa. Na kwance. Da zai tafi ya ce fulawa kam in na ga dama in shuka, ita ba ta fasa komai.

Da Auta ta sake zuwa sai ta miƙo mini wata 'yar takarda mai hoto. A hoton wata ciyawa ce ta fi mutum tsawo, ta yi cunkus kamar gamba, a samanta geza fara kamar jelar doki. Ta ce ta ado ce, iri ne a ciki. In ta girma za ta tare titi gaba ɗaya, iska kuma ta wuce.

Na juya takardar. Na ce yanzu ciyawa ake ƙunshewa a sayar wa mutane? Ta ce har layi ake yi. Na ce da na sani da ban ƙone wadda na yanka ba.

Ta karanta mini bayan takardar. Wai a faranti ake fara shukawa, cikin ƙasa mai laushi. Wai ba a binne irin. A barbaɗa shi a sama, a danna kaɗan, a bar haske ya same shi. Ruwa kuma yayyafi, ba kwarara ba.

Na buɗe na duba. Irin kamar ƙaiƙayi, in ka yi numfashi da ƙarfi ya tashi. Na ce wanda ya rubuta wannan bai taɓa ganin tururuwa ba. Iri ba ya kwana a waje. Ubana ya shuka hatsi, kakana ya shuka, ba wanda ya bar iri tsirara a bisa ƙasa ya tafi gida. Auta ta ce wannan ba hatsi ba ne. Na ce ciyawa ce, ni kuma ita na yi wa aiki har na tsufa. 'Yata ce, ta san inda ake tsayawa. Ta kama hanya.

Na sare gindin katanga daga wannan kusurwa zuwa waccan. Na samo taki wurin wani mai dawakai na juye. Na bi da yatsa ina huda rami, ina zuba iri, ina rufewa, ina dannawa da diddige. Na kawo bokiti na ba shi ruwa ya sha ya ƙoshi. Kusan duk irin ya tafi. Ɗan abin da ya maƙale a gindin takardar na ajiye kan kabad.

Akwai tela da ke da shago a jikin katangarmu ta waje. Mutumin kirki ne, bakinsa ne ba ya hutawa. In ɗinki ya yi sauƙi sai ya zo ya rataya hannu a ƙarfen.

Ya ce, “Mai Lauje, yau kuma abokan gaba ake yi wa shimfiɗa?”

Na ce ya je ya ji da wandon mutane. Ya ce shi dai yana jiye mini ranar da tsofaffin abokan aikina za su wuce su gan ni ina shayar da ciyawa da bokiti.

Ba a jima ba kore ya fito. Layi guda, sumul, daga kusurwa zuwa kusurwa. Na shiga ɗaki na gaya wa matata. Na ce a kira Auta a gaya mata mai takarda ya yi ƙarya. Na kafa ƙirare na zagaye wurin saboda kyanwar maƙwabta. Wani ya jefo guntun taba daga bas, na bi motar da zagi har ta sha kwana. Safe da yamma ina kai. Tela ya ce ko jikokina ba su sami wannan gata ba.

Ta kai taƙi guda. Wata safiya na tsuguna zan ba ta ruwa, sai na ga ba sama take yi ba. Ta kwanta tana rarrafe, kowace gaɓa tana kafa saiwa. Na tsinko ɗaya na murza. Na shinshina. Ban buƙaci kowa ya gaya mini ba. Harƙiya ce. Abincin doki. A cikin takin ta zo. Wadda na yanka ta cika jirage, ita na yi wa shinge.

Na tona ramukan da yatsa. Irin Auta yana nan inda na sa shi, ya yi baƙi ya ruɓe. Ko ɗaya bai motsa ba.

Tela ya leƙo ya ga ina tuge layin. Ya tambaya, na faɗa masa, don ban iya ƙarya ba. Ya yi dariya har ya zauna a kan dakalin shagonsa. Ya ce a kai wa mai dawakai kayansa, a ce an yi masa reno kyauta.

Na wanke hannu na shiga ɗaki. Matata tana kwance, fuska bango. Na tsaya a bakin ƙofa na gaya mata duka. Na ga kafaɗarta tana rawa. Na zaci kuka ne. Dariya ce. Rabona da jin ta tun kafin ciwon. Da rabin baki take yi, ta sa gefen mayafi ta rufe. Da ta lafa ta yi magana. Maganarta yanzu a hankali take fita, kalma sai ta jira 'yar'uwarta. Ta ce in kawo sauran irin.

Na ce ba abin da ya rage sai ƙura. Ta miƙo hannun hagu. Na kawo.

Ita ta ba da umarni, ni na yi. Ban saba ba, amma na yi. Na ɗauko tsofaffin farantan roba uku na huda gindinsu da ƙusa mai zafi. Na tankaɗe ƙasa da yashi a tsohuwar rariyarta har sai da ta ce ya isa. Taki ta ce ko ƙwaya kada ya shiga. Na jiƙa ƙasar tun kafin a zuba iri. Ta zauna bakin gado, na ɗora mata faranti a kan kujera. Ta gauraya irin da ɗan yashi a murfin kwalba, ta riƙa barbaɗawa da yatsu uku kamar mai sa gishiri a miya. Ta danna da gindin kofi. Na ɗebo ƙasa zan watsa a kai, ko 'yar kaɗan. Ta buge mini hannu.

Na ce tururuwa. Ta ce a ɗakinta babu tururuwa.

Muka rufe farantan da farar leda. Tela ya ba da aron kwalbar da yake fesa wa kaya ruwa in zai yi guga. Ya ce a gaya wa Mama in ta gama a dawo masa da abarsa, kada Mai Lauje ya binne ta.

Saura haske. A ɗakin wuri ɗaya rana ke shiga, ta taga. Tagar kuma titi take kallo. Na jera farantan a kan dakalin taga na tsaya. Ta daɗe tana kallon labulen. Can ta ce in ɗage shi, amma rabi. Na ɗage rabi.

Daga nan aikin ya zama nata. Da safe ta dafa sanda ta je taga, ta buɗe leda ta kakkaɓe raɓar da ta taru, ta fesa ruwa, ta mayar. Ta ce in aka bar ledar rufe ƙasar za ta yi funfuna. Ban san inda ta san wannan ba. Wataƙila Auta ce a waya. Ni aka hana ni taɓa kwalbar. Wai hannuna bokiti ya sani.

Kwanaki suka yi ta wucewa ba komai. Ni na riga na fid da rai. A zuciyata na ce iri tsirara ba ya yin komai, amma ban faɗa ba, don bakina ya riga ya mutu a wannan zance. Wata safiya ta kira ni. Na sa tabarau na duƙa. Wasu 'yan siraran abubuwa ne kore, kamar gashin jariri. Da a gefen layin dogo na gan su ko kallo ba su ishe ni ba. Na tsaya a kansu har bayana ya gaji.

Suka yi ta ƙaruwa. Suka fara karkata wajen gilashi, ta riƙa juya farantan. Da hannu ɗaya faranti ba ya juyuwa, sai na ga tana ɗora na daman a gefe tana tokarewa. Na yi kamar ban gani ba. Labule ya tashi gaba ɗaya, don rabi ya daina isa. Daga baya taga ma ta yi musu kaɗan, suka yi tsawo ba ƙwari. Auta ta ce a fara fitar da su suna shan iska, kaɗan-kaɗan, a inuwa. Na kai su bakin ƙofar baranda. Matata ta biyo su har dokin ƙofa. Nan take tsayawa, jikinta a ciki, hannunta a waje.

A nan ne dabara ta zo mini. Na ga inda farantan suka je nan take zuwa. Ranar komawa asibiti kuma tana matsowa. Na ce a raina in na kai su gindin katanga, dole ta bi su.

Wata safiya na kwashe su na kai can, cikin fili, inda ba inuwa. Na ɗora kwalbar a gefensu. Na dawo baranda na zauna da rediyo. Ta fito dokin ƙofa ta ga wurin wayam. Ta hango su. Ta kalle ni. Na kalli titi.

Rana ta ɗaga. Bas ta zo ta tafi, wata ta zo. Tana tsaye.

Ta ce, “Malam, za su ƙone.”

Na ce, “Ga su can. Ga kwalba.”

Ta daɗe tana kallona. Sai ta juya. Na ji sandar tana tafiya, na ji gado ya yi ƙara. Na ji kuma ta ja labule da kanta.

Da na tashi a lokacin da ba a yi asara ba. Ban tashi ba. Na ce za ta sake fitowa. Taurin kai ne, na sani. Na zauna har inuwar baranda ta dawo ƙarƙashin ƙafata. Da na je, farantin da ya fi kowanne cika ya kwanta gaba ɗaya, ya yi fari kamar an babbaka. Sauran biyun sun yi laushi, amma da rai. Na kwaso su na kai inuwa, na fesa musu ruwa da hannuna mai nauyi.

Ranar ba ta yi mini magana ba. Washegari ma haka. Na kai abinci, ta bari sai da na fita ta ci. Farantan suna baranda, ba ta tambaye su ba. Tela ya zo jikin ƙarfe, ya ga farantin da ya ƙone, ya ga labule a sake. Karo na farko da na ga bai yi wasa ba. Ya ce Allah ya kyauta, ya koma kan kekensa. Auta ta yi waya ta ce ta gyara wa uwarta ɗaki, ko da za a buƙata.

Ni ba mai zaman hira ba ne. Tun aurenmu ban taɓa jawo kujera gaban gado don in yi magana ba. Ranar na jawo. Na ce na yi dabara, dabarar ta ƙone. Na ce ba don ciyawa na yi ba. Ba ta juyo ba. Saura magana ɗaya. Na fitar da ita.

Na ce, “In kika tafi ban iya zama ni kaɗai ba.”

Ta juyo. Ta dube ni sama da ƙasa kamar baƙo.

Ta ce, “Da haka ka ce tun farko. Ni ba akuya ba ce da za a ja da dusa.”

Na ce na ji. Ta ce ita ma ba son tafiya take ba. Gidan suruki ko ruwa za ka sha sai ka yi godiya. Amma in ta tuna fuskar matar nan ta bas sai ƙafar ta ƙi ɗaguwa. Ta tambaye ni yaushe ciyawar za ta rufe titi. Na gaya mata gaskiya. Ba bana ba. Ta ce to kafin nan fa? Na ce za su kalla. Ni ma ina da ido, zan kalle su. Ta ce da wannan fuskar tawa kam direba ma sai ya ƙi tsayawa.

Ba ta yi alkawari ba. Ni ma ban nema ba. Da yamma ta ce in ɗage labule, in kawo mata farantan ta gani. Ta duba su ɗaya-ɗaya. Ta ce na kusa kashe su da ruwa bayan na kusa kashe su da rana.

Da suka farfaɗo suka yi ganye uku-uku, sai rarrabawa. Kowane tsiro da kofinsa. Na tara kofunan roba na huda. Na kama na farko da yatsu, ya tsinke. Na biyu ma. Ta ce in matsa. Ta sa na kawo kujera baranda, can ciki inda ginshiƙi ya kare ta. Ta ɗauki bayan cokali tana zaƙulo su da ƙasarsu, ni ina riƙe kofi. Mun yi yini biyu a kai. Bas tana tsayawa ta sunkuyar da kai, in ta wuce ta ci gaba. Ban ƙara matsar da komai ba sai ta ce. In ta ce yau su sha ranar safe, in kai su bakin matakala. In ta ce ya isa, in dawo da su.

Ita ta sa ranar dashe. Ta ce saiwa ta fara leƙowa ta gindin kofuna, an kuma yi ruwa ƙasa ta yi sanyi. Na sake sare gindin katanga, na tsince duk wata saiwar da ba tamu ba. Na fara haƙa ramuka, kusa-kusa, don ina so su haɗe da wuri. Tana zaune a baranda. Na ga bakinta yana motsi, tana nuni da hannu. Titi ya cika da ƙara, muryarta kuma ba ta da ƙarfi. Na ce me? Ta sake faɗa. Wallahi wannan karon ba dabara ba ce, ban ji ba. Na kama kunne na nuna mata. Na ajiye fartanya zan zo.

Sai na ga ta dafa sanda ta miƙe. Ta gyara mayafi. Ta sauko da ƙafar hagu, ta jawo ta dama. Na tsaya inda nake. Hannuna yana so ya je, na hana shi. Ta ratso filin a hankali, sanda, ƙafa, ja. Ta iso tana haki. Ta ce ramukan sun yi kusa, wannan ba albasa ba ce. Kowace sai an ba ta wurin da mutum zai buɗe hannuwansa biyu, in ba haka ba za su shaƙe juna. Ta sa ƙasan sanda ta nuna mini inda zan haƙa.

Bas ta tsaya. Cike take. Na ga wuyan matata ya ƙage. Na miƙe da fartanya a hannu na fuskanci tagogin. Wasu suka kau da kai. Wani yaro ya ci gaba da kallo, shi na ƙyale shi. Wata mata mai jaka a cinya ta leƙo.

Ta ce, “Sannu da aiki, Mama. Me ake dasawa?”

Na buɗe baki zan amsa. Matata ta riga ni.

Ta ce, “Ciyawa.”

Matar ta ce, “Ciyawa kuma?”

Ta ce, “Maigidan ne ya bar aiki. Muna nema masa abin yanka.”

Maganar ta fita a karkace, ban san ko matar ta ji duka ba. Ta dai yi dariya, bas ta ja. Tela kam ya ji. Har yamma yana maimaita wa duk wanda ya kawo ɗinki.

Ba ta daɗe ba ranar. Na kawo kujera ta zauna ta ga na dasa rabi, ta ce ƙafar tana rawa, na raka ta ciki. Washegari ta fito ta ga sauran. Kofunan ba su isa katangar duka ba, saboda farantin da ya ƙone. Wajen ƙofa ya zauna fili. Na ce Auta ta sayo wani irin. Matata ta ce a bari tukuna.

Muka koma asibiti. Auta ta zo da jaka babba, ko da za ta tafi da uwarta. Likita ta sa ta yi tafiya a dogon ɗakin, ta lanƙwasa gwiwar, ta murza idon sawu. Ta ce ƙafar ba ta dawo ba, amma ba ta sandare ba, kuma ta fi da. Ta tambaya me aka canja. Matata ta ce noma take yi. A bakin asibiti Auta ta ce to, za ta ƙara mana lokaci, amma idonta yana kanmu. Ta koma da jakarta yadda ta zo da ita.

Yanzu ciyawar ta kai mini ƙugu. Kowace ta yi gindi kamar ƙaramin dami. Gefen ganyen yana da kaifi, ya yanke ni sau da yawa, ni da na ce na san ciyawa. Geza babu. Auta ta ce sai baɗi, wataƙila ma baɗin baɗi. Ba ta tare komai ba tukuna. Wanda ke bas yana ganin mu sarai.

Tsohuwar tana zuwa katanga kusan kullum da safe, ni ina biye da butar ruwa. Wata rana in ta ga motar ta cika da 'yan makaranta sai ta tsaya a baranda ta ce yau ba ta jin fita. Sai in je katanga ni kaɗai. In na ba su ruwa in dawo.

Matar nan mai jaka ashe kullum nan take bi. Yanzu suna gaisawa. Ta ce in ciyawar ta yi ƙarfi tana son a tsaga mata gindi ɗaya ta kai gidanta, ta ji ana yin haka. Na ce a bari ta fid da kai tukuna a ga abin da aka shuka. Matata ta ce ba ni aka tambaya ba.